Takardar da Ta Share Tungar Balbela

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na ja ayarin baƙi zuwa garin kakata don su sha kallo ba, muka tarar babu sauran abin kallo a garin sai ni. Gemuna ya yi fari yanzu, yawancin waɗanda suka ga abin sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in balbela ta gilma ta gabana sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin Turawa ba su fi shekara ashirin da 'yan kai da zama a Sakkwato ba. Ina ajin ƙarshe a makarantar lardi, kuma da za ka tambayi 'yan ajinmu wane ne ni, sai sun yi ɗan tunani kafin su tuna. Ba na wasa, ba na faɗa, ba na surutu. Abin da na iya shi ne jan layi. Kowane shafi na littafina sai na ja masa layi da rula kafin in ɗiga masa baƙi ko ɗaya, in kuwa layin ya karkace sai in sake wani shafin (dalilin da ya sa suke kirana Mai Rula ke nan, sunan da ya bi ni har gidan aurena). Amma a ce in tashi in yi magana gaban mutum uku, sai harshena ya manne kamar an liƙe shi da ƙaro.

A shekarar aka ce za a ɗauki yaro ɗaya tak daga ajinmu a tura shi Katsina koyon aikin malanta. Ba abin da nake so a duniya kamar wannan tafiya. An ba ni labari wai akwai ɗaki guda a can da ba komai a cikinsa sai littattafai, tun daga ƙasa har rufi, kuma ba mai hana ka taɓawa. Mu biyu ake dubawa, ni da wani Ladan. Shi Ladan rubutunsa kamar kaji sun yi tono a toka, amma in ya buɗe baki har mai tallan goro kan sauke faifanta ta saurara.

Baturen makarantarmu, wanda muke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa, ya kira ni ofishinsa. A Kano ya koyi Hausa, yana kuma yinta a hankali kamar mai taka ƙaya.

"A takarda ka fi Ladan," in ji shi. "Amma malami ba takarda yake koya wa karatu ba, mutane yake koya wa. Ina so in gan ka tsaye gaban mutane."

Sai ya ba ajin aikin hutu. Kowa ya zaɓi wani ƙaramin gari da ya sani, ya rubuto wuraren da baƙo zai ziyarta da abubuwan da zai yi in ya je. Wanda nasa ya fi kyau, shi zai ja ajin duka zuwa garin, ya nuna musu komai da bakinsa. Rabin farko na wannan aiki kamar don ni aka yanka shi. Rabi na biyun kuwa na ce a raina Allah ya kai mu, ma gani.

Na zaɓi Tungar Balbela, garin mahaifiyata, wanda ke gaba da Kwalkwalawa in ka haye gulbi. Kawuna Mamman shi ne mai gari. Kakata Inna Tumba kuwa ita ce uwar mata masu ginin tukwane, tsohuwa ƙarama mai baki kamar aska, wadda tun ina goye take kirana angonta.

Kwana biyar na yi a garin, kuma ba na jin an taɓa yi wa wani ƙauye irin binciken da na yi wa wannan. Akwai ragowar ganuwa tun ta zamanin yaƙe-yaƙe, ta zube rabi, amma har lokacin ana ganin kafofin da maharba ke leƙawa. Akwai rijiyoyin marina goma sha huɗu, biyar ana aiki da su, tara an bari. Akwai matoya inda su Inna Tumba ke gasa tukwane, da wani tulin fasassun tukwane a gefe wanda ya fi mutum tsawo. Ranar Alhamis kasuwa ke ci, Buzaye su zo da raƙuman gishiri, mutanen fadama su zo da albasa da busasshen kifi, da la'asar a buga ganga samari su yi kokawa. Sai kuma abin da garin ya ci sunansa, wani babban gawo a bakin tafki inda balbelu ke sauka, har bishiyar ta koma fara fat kamar an shanya mata auduga.

Da na tsaya a kallo da rubutu, da an zauna lafiya. Amma ni sai na ga bai kamata baƙo ya taho bai san nisan da ke tsakanin wannan wuri da wancan ba. Don haka na shiga auna garin da taki. Daga ƙofar gari zuwa ganuwa, daga ganuwa zuwa marina, daga marina zuwa gawo, ina tafe ina ƙirga, in na kai in tsuguna in rubuta. Matsalar ƙirga ita ce in ka yi magana ya ɓace maka. Sai ya zama dattijo zai tare ni a hanya ya ce, "Sannu ɗan birni, ƙaƙa mutanen gida?" ni kuwa in ɗaga masa hannu ɗaya leɓena na motsi, "ɗari bakwai da sittin da ɗaya, ɗari bakwai da sittin da biyu," in wuce. (A lokacin ina ganin wannan ƙwazo ne. Ban san sunansa rashin kunya ba.)

Na leƙa kowace rijiyar marina na zura kara na auna zurfin ruwan da ya kwanta. Ranar kasuwa na zauna a gindin wata tsamiya na ƙirga raƙuma da jakai, ina jan layi ɗaya ɗaya a takarda. Na lura Buzayen suna kallona suna magana ƙasa-ƙasa, sai na ɗauka kyawun rubutuna ne ya burge su.

Inna Tumba ce kaɗai ta tambaye ni kai tsaye. Tana zaune tana shafe bakin wata randa, ba ta ko ɗago ba.

"Kai angon ƙarya, mi kaka ƙirga tun shekaranjiya? Ƙasar ga ta ubanka ta?"

"Aikin makaranta ne, Inna."

"Aikin Nasara ke nan."

"I," na ce.

Iyakar bayanin da na yi wa garin ke nan a kwana biyar. Na kuwa san, kamar yadda kowa ya sani, cewa a shekarar da ta wuce wani Bature ya sauka a wani gari maƙwabci tare da malami mai takarda, suka zaga suka ga juji da kwantaccen ruwa, ba a yi wata ba aka tuɓe rawanin mai garin. Na san labarin sarai. Ban dai taɓa haɗa shi da kaina ba, don ni a idona ba malami mai takarda ba ne, yaro ne mai son zuwa Katsina.

Rubutuna ya zo na ɗaya, da nisa. Shafi goma sha ɗaya, har da taswira. Mai Lofe ya karanta wa ajin wurin da na siffanta ganuwar, ya ce irin wannan ce yake nema ya ɗauki hotonta kafin damina ta ƙarasa ta. Da ya zo kan balbelu kuwa har ya cire lofen daga baki, domin mutum ne mai son tsuntsaye, yana da madubin hangen nesa da yake rataye da shi kamar laya. Aka sa rana, Alhamis ta mako biyu masu zuwa.

Malam Sidi, malamin ajinmu, ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Ran Juma'a ka tahi da ƙahwarka ka gai da kawunka," ya ce. "Ka zamna ka hwaɗa mai da bakinka baƙi na za su zo, kallo na za su yi. Ka ji ko?"

"Na ji, Malam."

Na ji ɗin, amma da na hango kaina a zauren Kawu, dattawa goma sun zuba mini ido ina in'ina, sai na fasa zuwa. Na ce ai abin da baki zai faɗa a karkace, alƙalami zai faɗe shi a miƙe. Na samu takarda mai kyau, na ja mata layi, na rubuta da ajami don liman ya karanta musu, na ba wani mai jakin albasa da zai koma can. Har yau ina iya karanto ta da ka, don an maimaita mini ita fiye da yadda nake so:

"Bayan gaisuwa. Ranar Alhamis ta sama Bature zai iso da hantsi. Ga abubuwan da za a nuna masa bi da bi. Na ɗaya, ganuwar da ta zube, mai ramuka. Na biyu, rijiyoyin marina, tara daga ciki ruwa ya kwanta ya yi kore. Na uku, tulin fasassun tukwane a matoya. Na huɗu, gawon bakin tafki, wanda kashin tsuntsu ya rufe ƙarƙashinsa. Na biyar, kasuwa, da adadin raƙuma da jakan da ke shigowa. Duk na auna na rubuta, Bature ya karanta, ya ce sai ya gani da idonsa. Wassalam."

Na karanta ta sau uku kafin in naɗe. Ba kuskure ko ɗaya. Abin da kawai ban rubuta ba shi ne dalilin zuwan, don ni a wurina a fili yake.

Ranar ta zo. Muka fita daga birni bayan asuba, yara ashirin da biyu a ƙasa, Mai Lofe a kan doki, Malam Sidi a kan godiyarsa, ga jaki ɗauke da na'urar ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Ni ne a gaba, riƙe da jawabin da na kwana goma ina haddacewa. Muka wuce Kwalkwalawa, muka tattare riguna muka haye gulbi, ruwan iya gwiwa. Ladan yana ta ba yara dariya a baya, ni kuwa ina ta bitar jawabina a zuci.

Abu na farko da ya kamata ya tsayar da ni shi ne hanyar. Tun da sauran tafiya mai nisa muka ga an share ta tas, har sawun tsintsiya na nan a jere. Na biyu, ranar kasuwa ce amma ba mu haɗu da ko jaki ɗaya ba. Malam Sidi ya matso da godiyarsa kusa da ni.

"Ka dai tahi ka ga kawun naka?"

"An sanar da shi, Malam."

Ya dube ni, ya dubi hanyar, ya ja godiyarsa baya.

A ƙofar gari muka tarar da Kawu cikin babbar riga da rawani, gumi na zuba, dattawa sun jeru a bayansa fuskokinsu kamar masu jiran hukunci. A hannunsa ga takardata. Suka faɗi suka yi gaisuwa. Kawu bai ko kalle ni ba. Na ɗauka girman sarauta ne.

Na ja ayarin zuwa wuri na farko. Taki ɗari huɗu da talatin daga ƙofar gari, na ƙirga su daidai, na tsaya, na juya. To, a nan ne halina ya ƙarasa ni. Don kada in haɗa ido da kowa harshena ya manne, na riga na yanke shawarar ba zan ɗaga kai daga takarda ba sai na gama. Na miƙa hannun dama, na fara:

"A nan gefe kuna ganin ganuwar garin, wadda kakanninmu suka gina a zamanin yaƙi. Tsayinta ya kai kamu tara. Ku lura da kafofin da ke jikinta, ta nan maharba ke leƙen abokan gaba. Ku lura kuma da kaurin gindinta..."

Shiru. Na ji daɗin shirun, na ce lallai jawabin ya kama su. Na ci gaba har sakin layi na uku, ina nuna sama ina nuna ƙasa. Sai na ji muryar Ladan, a hankali, kamar mai tausayi.

"Mai Rula. Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Fili ne. Fili fetal, a daddaɓe, a share, ko tudun tururuwa babu. Mai jan jakinmu ya riga ya kafa na'urar hoto a kan ƙafafunta uku, tana fuskantar sarari. Hannuna kuwa yana nan a miƙe yana nuna iska.

Kawu ya matso, ya durƙusa gaban dokin Mai Lofe, ya buɗe takardata.

"Ranka shi daɗe, na ɗaya, mun gama da ita. Kwana shidda munka yi muna sara. Ba sauran rami ko guda."

Mai Lofe ya cire lofe daga bakinsa. "Kun rushe ta?"

"Dut, ranka shi daɗe. Yadda anka rubuto."

Ban rubuta a rushe ba! Wallahi ban rubuta ba. Na so in faɗi haka, amma abin da ya fito daga bakina wani ɗan sauti ne kamar na ɗan akuya. Sai kawai na juya na ci gaba da ƙirga taki zuwa wuri na biyu, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba.

A marina, rijiyoyi taran nan an cike su. Biyar masu aiki ma an kwashe shunin an zubar, an rufe bakinsu da asabari, marinan suna tsaye gefe da shuɗɗan hannuwansu a baya, suna harara ta. A matoya babu tulin tukwane. Kawu ya yi bayani da ɗan alfahari cewa da fasassun tukwanen da ƙasar ganuwar aka cike rijiyoyin, wato na ɗaya da na uku sun shige cikin na biyu, aiki ya zo da sauƙi. Kasuwa kuwa rumfuna ne kawai a tsaye. Buzaye tun da suka ji za a zo da takardar ƙirgan raƙuma suka canza hanya, sauran 'yan kasuwa kuma Kawu ya aika an tare su a mararraba don kada dabbobinsu su ɓata shara. Kokawa? Wa zai yi kokawa, duk samarin garin bayansu ya ƙage da ɗaukar ƙasa, albasarsu a fadama ta yi kwana goma ba ban ruwan kirki.

Saura gawo. Duk tafiyar ina roƙon Allah a zuci, ko wannan kaɗai a bar mini. Ai ba wanda zai iya share tsuntsu.

Ashe ana iyawa. Kwana uku aka yi ana kaɗa gwangwani da ƙwarya a gindin bishiyar, safe da yamma, aka sassare rassan ƙasa, aka kankare kashin, aka zuba farin yashi. Gawon na tsaye tsirara kamar an yi masa aski. Muna nan tsaye sai ga wata balbela guda ɗaya, baiwar Allah, ta taso daga tafki tana neman gidanta. Mai Lofe ya yi wuf ya ɗaga madubinsa. Kafin ya kai shi ido, dattawa uku sun yi kanta da ihu da hoge, "Hai! Hai! Tahi can!" Ta juya ta nufi gulbi. Ɗayansu ya dawo yana haki ya ce, "A gahwarce mu, ranka shi daɗe. Wagga ba ta garin ga ba ta."

Yaran ajinmu, waɗanda tun daga ganuwa suke danne dariya, suka fashe. Wani har ya zauna a ƙasa. Malam Sidi ya karɓi takardata daga hannun Kawu, ya karanta, ya rufe ido na ɗan lokaci, sa'an nan ya yi wa dattawan bayani cikin jimla biyu: ba bincike aka zo yi ba, yara ne aka kawo kallo, Bature kuma tsofaffin abubuwan nan su ya zo gani don yana sha'awarsu. Na ga fuskar Kawu tana sauyawa a hankali. Ya juyo ya dube ni, karo na farko a ranar.

Amma ba shi ya yi maganar ba. Taron ya dare, sai ga Inna Tumba tana dogara sanda, a ɗaya hannun tana riƙe da wani ɗan guntun kasko.

"Ina shike? Ina angon nawa mai ƙirgan ƙasa? Kai! Kwana biyat kana cin tuwona, bakinka na buɗewa ga loma, ba shi buɗewa ga magana? Da kac ce muna baƙi na za su zo kallo, da mun dama musu hura mun kira makaɗa. Sai kar rubuto muna takarda kamar sammacin alƙali! Ka san mi na wanga? Kaskon uwata na. Shi muka daka mu zuba ga yumɓu don kar tukunya ta hwashe ga wuta. Tun kakata aka tara shi, yanzu shina ƙarƙashin ƙasa, da mi za mu yi gini bana? Da rularka?"

Ta ci gaba, ba ta ko numfasawa. Mai Lofe ya karkato daga kan doki yana saurare, goshinsa a tattare. Da ta tsagaita sai ya juyo gare ni.

"Ban kama ba. Tsohuwa tana sauri, kuma Hausarta ba irin wadda na koya ba ce. Maimaita mini a hankali. Da ƙarfi, kowa ya ji. Kada ka bar komai."

Na dubi Malam Sidi ko zai cece ni. Yana kallon gawo.

Haka na tsaya, gaban garin mahaifiyata kaf da 'yan ajinmu ashirin da ɗaya, na shiga zagin kaina da Hausar littafi.

"Ta ce, ranka ya daɗe, na kwana biyar ina cin tuwonta, bakina yana buɗewa don loma amma ba ya buɗewa don magana."

"Ci gaba."

"Ta ce dattawa sun gaishe ni na wuce su kamar kurma. Ta ce ni ɗanyen tulu ne da bai ga wuta ba, ga kyau a ido, in an zuba ruwa sai in narke. Ta ce ilimin da ba ya iya cewa sannu, gara jahilcin jakinta, don shi in ya gan ta yakan yi kuka."

"Ya bar guda!" in ji Inna Tumba, tana buga sanda a ƙasa. "Na ce da kunnuwa kamar marhin tukunya!"

"Ta ce kuma kunnuwana kamar marfin tukunya," na ce. (Ko a wannan hali ban iya barin aiki da giɓi ba.)

"Sai na ƙarshen," ta ce. "Hwaɗa mai na ƙarshen."

Na juya ga Mai Lofe. "Ta ce tunda takarda kaɗai na iya, in rubuta mata ta saki. Ta fasa auren."

A nan har marinan suka yi dariya, har Kawu ya sa hannun riga ya rufe baki. Mai Lofe ya juya dokinsa ya ba mu baya, kafaɗunsa na girgiza. Abin haushin, wannan shi ne jawabi mafi tsawo da na taɓa yi gaban jama'a, kuma ban yi in'ina ko sau ɗaya ba.

Ladan ne ya ceci ranar. Kafin in gama share gumi ya riga ya shiga cikin dattawan yana tambayarsu labarin ganuwar da babu ita, suka zauna a inda take dā suna ba yara labarin yaƙi, kowa na gyara wa ɗan'uwansa. Ya lallashi wani makaɗi ya ɗauko gangarsa, ya cire riga ya ƙalubalanci wani saurayi, aka kayar da shi sau biyu garin na shewa. Mata suka fito da fura. Ni kuwa ina gefe a gindin gawo, zaune kan farin yashi, da shafi goma sha ɗaya a cinyata.

Ladan aka tura Katsina, ba sai na faɗa ba. Hutun da ya biyo baya a Tungar Balbela na yi shi, cikin rijiyar marina, ina haƙo ƙasa ina tsince guntayen kasko ɗaya ɗaya ina miƙa wa Inna Tumba, ita kuwa tana zaune a bakin ramin tana tambayata ko na ƙirga su. Duk wanda ya wuce sai na tsaya na gaishe shi har da tambayar awakinsa.

Da aka koma makaranta Mai Lofe ya sake kirana ofis. Ya ce likitan lardi yana neman malamin da zai riƙa yi wa masu duba-gari rubutu.

"Shekara uku yana aika dogarai ƙauyuka a yi shara, ba a yi ba," in ji shi. "Kai da takarda ɗaya ka share gari har da tsuntsayensa. Na ba shi sunanka."

Shekara talatin da ɗaya na yi a wannan aiki. Ban taɓa ganin ɗakin littattafan nan ba. Da Ladan ya dawo na tambaye shi ko da gaske sun kai har rufi, ya ce bai lura ba, shi ta taga kawai ya taɓa leƙawa. Ban yi masa magana ba har wata biyu, shi kuwa bai ma gane ina fushi ba, don a wurinsa haka nake dama.

Balbelun sun dawo bayan damina biyu. Ganuwar ba ta dawo ba, kuma har yau in baƙo ya tambayi mutanen garin abin da ya cinye ta, sukan ce wani ɗan birni ne da alƙalami. Tun daga ranar, in ina da saƙo ga mutane nakan tafi da ƙafata in zauna in faɗa da bakina, ko da zan yi in'ina har la'asar. In kuma tsoho ya gaishe ni ina tsakiyar ƙirga, nakan saki ƙirgan in amsa, tunda ƙasar tana nan ba inda za ta. Bara na koma garin, na sake auna daga ƙofar gari zuwa gawo. Taki dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu, daidai da yadda na rubuta. Wannan kam ban yi kuskure ba, sai dai har yau ba wanda ya taɓa tambayata.